Farautar dodanni a tafin hannu: tambayoyi da amsoshi kan Monster Hunter

Mutum huɗu zaune a da'ira, kowa da 'yar na'urarsa a hannu, babu mai kallon kowa amma baki bai huta ba. Wannan ya ce a kauce dodon zai kaɗa wutsiya, wancan ya ce maganinsa ya ƙare, na uku ya ce ya dasa tarko a jawo shi nan. Wanda bai san wasan ba yakan tsaya ya yi tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ga su, da amsoshin da nake bayarwa.

Wane irin wasa ne wannan, kuma wa ya yi shi?

Sunansa Monster Hunter, na kamfanin Capcom da ke Osaka a ƙasar Japan. Ya fara fitowa a 2004 a kan PlayStation 2. Kai mafarauci ne a wani ƙauye. Za ka karɓi aiki, a ce maka wani dodo ya addabi wuri kaza, ka shirya kayanka ka tafi ka kashe shi ko ka kama shi da rai. Idan ka yi nasara sai ka feɗe shi, ka kwashi fata da ƙashi da farce da ƙaho ka kai wa maƙerin ƙauye, ya ƙera maka makami da sulke da suka fi na jikinka. Da su za ka tunkari dodon da ya fi wancan. Ana iya yin haka mutum ɗaya, ana iya yi har mutum huɗu tare.

To in a babbar na'ura ya fara, me ya haɗa shi da ta hannu?

A na'urar hannu ya yi suna. A 2005 aka sauko da shi kan PSP ta kamfanin Sony, wadda ke iya haɗa na'urori da ke kusa da juna ba waya ba intanet. Abin da ya canja komai ke nan. A PlayStation 2 sai ka sami layin intanet kafin ka yi farauta da wasu, abin da ba kowa ke da shi ba a lokacin. A PSP kuwa abokinka ya zauna kusa da kai, shi ke nan. Ɗalibai da ma'aikata a Japan suka riƙa haɗuwa bayan makaranta da bayan tashi daga aiki don su yi farauta tare. Monster Hunter Portable 2nd G na 2008, wanda ya isa Turai da Amurka a 2009 da sunan Freedom Unite, ya sayar da kwafi sama da miliyan 3. Portable 3rd na Disambar 2010 ya haura miliyan 4, alhali ko fita Turai da Amurka bai yi ba. Daga nan jerin ya koma Nintendo 3DS, sannan Monster Hunter Rise ya fito a Nintendo Switch a Maris 2021.

Tsarin wasan ma ya dace da hannu. Kowace farauta abu ce mai farko da ƙarshe, galibi an ba ka minti 50, kuma yawanci ba a kai rabin haka. Kana gamawa kana iya rufe na'urar ka sa a jaka.

Me ya bambanta shi da sauran wasannin faɗa?

Abu biyu, kuma duk wanda bai gane su ba zai ajiye wasan a rana ta farko. Na ɗaya, mafaraucinka ba ya ƙara ƙarfi don ya daɗe yana faɗa. Babu wani mataki da zai hau ya zama ƙato. In ka tuɓe masa sulke ka karɓe makami, wanda ya yi awa 500 da wanda ya fara jiya ɗaya suke. Abin da ke ƙaruwa shi ne kayan da ka ƙera da kuma abin da hannunka da idonka suka koya.

Na biyu, ba a nuna maka yawan ran da ya rage wa dodo. Babu wani jan layi a samansa da ke raguwa. Jikinsa za ka karanta. In ya fara dalala yana tsayawa yana haki, ya gaji, yanzu ne lokacin duka. In ya yi ruri ya ƙara sauri, ya fusata, ja da baya ka kula. In ka ga yana ɗingishi yana neman hanyar sheƙarsa don ya yi barci, to ya kusa. Wannan shi ne abin da na fi so a wasan gaba ɗaya. Akwai wani dodo mai kama da katon tsuntsu, Yian Kut-Ku, da 'yan wasa a Japan ke kira malami, domin shi ne yake fara koya wa sabon shiga wannan karatun. Da farko za ka ga kamar haukansa ba shi da kan gado. Bayan ya kayar da kai sau uku ko huɗu sai ka lura cewa kafin ya juya da wutsiya akwai yadda yake tsayawa, kafin ya tofa wuta akwai yadda yake ɗaga kai. Ranar da ka kauce tun kafin ya motsa, ranar ka fara wasan da gaske.

Kowane dodo da halinsa. Diablos yakan nutse cikin yashi ya ɓullo ta ƙarƙashinka, amma ƙara mai ƙarfi na fito da shi ya maƙale rabi a waje. Rathalos yakan tashi sama ya ƙi saukowa, sai ka jefa masa abin walƙiya a ido ya faɗo. Khezu ba shi da ido ko ɗaya, don haka walƙiya ba ta yi masa komai, da sansane yake nemanka. Tigrex kuwa sukuwa yake yi a kanka, ya juyo ya sake, ya juyo ya sake.

Me ya sa motsin yake da nauyi haka? Sai ka danna maɓalli ka jira.

Da gangan aka yi. Wanda ya ɗaga babban takobin da ya fi shi tsawo ba zai iya fasawa a tsakiya ba, sai saran ya sauka. Saboda haka kowane sara shawara ce: shin akwai isasshen lokaci kafin dodon ya juyo? A tsofaffin wasannin ko maganin ƙara lafiya ka sha sai mafaraucin ya tsaya cak, ya ɗaga hannuwa sama kafin ya motsa, kuma mutane da yawa a wannan tsayuwar aka kashe su. Makami ma yana dakushewa. Akwai ma'aunin kaifi mai launuka, in ya sauka sai takobi ya riƙa tsalle daga jikin dodo maimakon ya shiga, dole ka nemi gefe ka durƙusa da dutsen washi. Sababbin wasannin sun sassauta, ana iya shan magani ana tafiya, amma saran da ba a janyewa yana nan.

Makamai nawa ne, kuma wanne ya kamata sabo ya ɗauka?

Tun Monster Hunter 4 na 2013 iri 14 ne. Akwai babban takobi, dogon siririn takobi, takobi da garkuwa, tagwayen wuƙaƙe, guduma, mashi, mashi mai aman wuta, baka da kibiya, bindigogi iri biyu, ƙahon busa da ake duka da shi, sanda mai rakiyar ƙwaro, da wasu biyu masu rikiɗa tsakanin gatari da takobi. Canja makami kamar canja wasa ne ɗungurungum. Ni ina ba sabo shawarar takobi da garkuwa, domin yana da sauƙin motsi, kuma yana barin ka sha magani ko ka jefa abu ba tare da ka mayar da shi kube ba. Amma in wani ne ya kwanta maka a hannu, riƙe shi, kada ka bari a ce maka wai ba na sabo ba ne.

Haɗin kan da ake magana, ba dai kawai mutum huɗu su taru su yi ta duka ba ne?

In aka yi haka an sha ƙasa. Ga dokar da ta ɗaure kowa: a yawancin farauta, in aka suma sau uku aiki ya lalace, kuma ukun na ƙungiya ne gaba ɗaya, ba na kowane mutum ba. Idan dodo ya sumar da kai, wasu kuliyoyi za su turo ka a amalanke su zubar da kai a sansani, ladan aikin ya ragu, kuma kun ci ɗaya daga cikin uku. Wato ko kai gwani ne da dodo bai taɓa ko rigarka ba, in ƙaramin cikinku ya faɗi sau uku, kowa ya tashi a tutar babu. Wannan doka ita ce ta sa gwani ba ya iya cewa ba ruwansa. Dole idonsa ya kasance kan layin lafiyar abokansa, ya watsa garin magani mai warkar da kowa in ya ga ɗaya na tangaɗi, ya jefa walƙiya don dodo ya saki wanda ya matse a lungu. In barci ko jiri ya kama abokinka, ka je ka buge shi ya farfaɗo.

Sannan akwai rabon wuri a jikin dodo. Mai guduma nasa ne kai, domin duka a ka ne ke sa dodo jiri ya zube. Masu makami mai yanka su nufi wutsiya, domin guduma ba ta yanke wutsiya, kuma in ta guntule akan feɗe ta daban a sami ƙarin kaya. Mai ƙaho yana duka yana haɗa sautin da ke ƙara wa kowa ƙarfi ko juriya. Masu harbi daga nesa na iya sa dodo barci ko su shanye masa jiki. Makaminka ba ya rage wa abokinka rai, amma yana iya tuntsurar da shi ko ya cilla shi sama, shi ya sa mai dogon takobi da ya je ya tsaya a kai yana wurgi yake ɓata wa mai guduma aiki.

Lokacin da na fi jin daɗi shi ne in dodo ya yi barci. Dukan farko da ya tashe shi yana ninkuwa, don haka nan take kowa zai janye hannu. Sai a yi shiru, a lallaɓa a jera gangunan bam a gefen kansa, kowa ya ja baya, a bar mutum ɗaya, galibi mai babban takobi, ya auna tazara ya tara ƙarfi ya sauke. In kuna ɗaki ɗaya za ka ji har numfashi an riƙe. Wani sabo ya yi garaje ya kai sara kafin a gama shiri, sai a yi masa bayani a sake, haka dukkanmu muka koya.

Me ya sa huɗu kawai?

A cikin labarin wasan an ce dagacin ƙauyen Kokoto ya taɓa fita farauta su biyar, aka rasa wadda zai aura, tun daga nan mafarauta suka ɗauki biyar a matsayin abin gudu. A aikace kuma huɗu ne adadin da kowa ke samun gurbi a jikin dodo ba tare da an tattake juna ba.

Kisa ya fi ko kamawa?

Kamawa ya fi sauri kuma ya fi aminci. In dodo ya fara ɗingishi, ka dasa tarkon rami ko na lantarki, ya faɗa, ka jefa masa bam ɗin sa barci biyu, aiki ya ƙare, an kauce wa suma ta uku. Amma wasu sassan sun fi fitowa a fiɗa, wasu a kamawa, kuma akwai manyan dodannin da tarko ba ya riƙe su sam. Ladabin wasan shi ne a tambayi wanda ya ɗauko aikin, tunda shi ya san abin da yake nema. Wani sashen ba ya fitowa sai an yi farautar dodo ɗaya sau goma ko fiye, kuma abokan kirki su ne masu cewa a sake ko da su sun riga sun sami nasu.

Ba a wahala da ƙaramin allo da ƙarancin maɓallai?

An wahala, musamman a PSP, wadda sandar motsi ɗaya gare ta. Tafiya da babban yatsan hagu ake yi, juya kamara kuma da maɓallan da ke saman sandar. Sai 'yan wasa suka ƙirƙiro wani riƙo: babban yatsa a kan sanda, manuniya a lanƙwashe a kan maɓallan sama kamar ƙugiya. Yana gajiyar da hannu, amma ya ba mutum damar gudu yana waiwayen dodo. A 3DS, Nintendo ta fitar da wani ƙarin abin maƙalawa mai sanda ta biyu a 2011, sannan wasan ya zo da maɓallin da ke juya kamara kai tsaye zuwa ga dodo. A Switch wannan matsala ta wuce.

Akwai wasu irinsa?

Nasararsa ta haifar da zuriya. God Eater na Bandai Namco ya fito a PSP a 2010, ya fi sauri kuma ya fi ba labari muhimmanci. A PlayStation Vita an sami Soul Sacrifice da Toukiden a 2013, da Freedom Wars a 2014. Kowanne na da masoyansa, sai dai a ganina babu wanda dodanninsa suka yi kama da dabbobi masu rai kamar na Capcom, masu ci da sha da barci da gudu in sun ji jiki.

In ba ni da abokan yi fa, kuma da wanne zan fara?

Ana yinsa mutum ɗaya. Ayyukan ƙauye don haka aka yi su, kuma akwai kyanwa mai rakiya da ke taya ka faɗa, a Rise har da kare da ake hawa. Tun Monster Hunter 4 kuma na'urar hannu na shiga intanet ka haɗu da mafarauta daga ko'ina. Mai Switch ya fara da Rise, shi ya fi sauƙin shiga. Wanda ke son ɗanɗana tsohon salo, inda fili ke rabe gida-gida da lamba kuma sai ka shafa wa dodo fenti kafin ka san inda ya gudu, ya nemi Generations Ultimate. Ko wanne ka ɗauka, in za ka shiga farautar wasu, ka ci abinci a ƙauye kafin fita domin yana ƙara lafiya da juriya, ka cika jaka da magani da dutsen washi, ka riƙe tarko ɗaya da bam ɗin barci biyu ko da ba kai ka ɗauko aikin ba.