Facin dodon kunne: daga ina likita ke samo abin da zai liƙa?

A unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba a nan Kumasi, da zarar an ce wa mutum dodon kunnensa ya huje kuma sai an yi aiki, abin da ke fara zuwa ransa shi ne: fatar wa za a sa mini, ta gawa ko ta dabba? Wannan zullumi kaɗai ya hana wasu komawa asibiti, suna zaune da kunne mai zubar da mugunya shekara da shekaru.

To 'yan uwa, ku kwantar da hankali. A mafi yawan lokuta, daga jikin mai ciwon ake ɗebo facin, kusa da kunnen ma.

Ba kowane huji ne ke buƙatar aiki ba. Wanda mari ya jawo, ko tsinken ashana, ko gashin kaza da ake sosa kunne da shi, yakan toshe da kansa cikin 'yan makonni, matuƙar ba a bar ruwa ya shiga ba. Wanda ya wuce wata 3 bai rufe ba, ko na tsohon ciwon kunne tun yarinta, shi ne likita ke duba yiwuwar faci.

Ɗora yatsa a gefen kanka, sama da kunne kaɗan, ka yi kamar kana tauna. Tsokar da ka ji tana motsi akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe ta. Shi likitoci suka fi amfani da shi tun wajen 1960. Ana yanko ɗan kaɗan, a shimfiɗa, a bari ya ɗan bushe, sannan a zura shi ƙarƙashin hujin. Ba shi ne zai zama sabon dodon kunne ba, tsani ne kawai da fatar kunnen za ta bi ta haɗe bakin ramin. Tabon yana ɓuya cikin gashi ko bayan kunne.

Sai guringuntsi, wanda ake ɗauka daga ɗan tudun nan da ke bakin ramin kunne. Ya fi tauri, ba ya saurin lotsawa, don haka ake zaɓarsa idan hujin babba ne, ko an taɓa yin aiki bai kama ba, ko kuma 'yar hanyar iska da ta haɗa kunne da bayan hanci ba ta aiki sosai. Akan fere shi ya yi siriri don kada ya rage ji. Illarsa ita ce ba a ganin abin da ke bayansa, shi ya sa komawa likita ya duba bayan aiki ba wasa ba ne. Wani lokacin tantanin da ke jikin guringuntsin kaɗai ake ɓarowa.

Ƙaramin huji kuwa, ɗan kitse daga ƙasan kunne, inda mata ke sa ɗankunne, ya isa ya toshe shi.

Gaskiya ne a wasu ƙasashe akwai facin da kamfanoni ke sarrafawa daga jikin dabba, har da alade. Saboda haka tambaya haƙƙinka ce. Ka ce wa likita, “Da me za a yi mini facin?” Ba rashin kunya ba ne.

Ni a ganina, abin da ya fi ɓata aikin nan ba irin facin ba ne, sakaci ne a gida. Iyayenmu mata, don Allah a daina ɗiga manja ko nono ko ruwan ganye a kunnen yaro. Kunnen da ya huje ƙofa ce a buɗe, kuma ciwon da aka bari ya daɗe yana iya cin ƙashi har ya kai ga sanƙarau. Lokacin wanka a shafa wa auduga man Basilin a toshe bakin kunnen. Wajen alwala, shafa da danshin yatsa ta wadatar, kada ruwa ya gangara ciki. Bayan aiki ba a fyace majina da ƙarfi, atishawa kuma a yi ta baki buɗe. Mai niyyar Umara ko Hajji ya faɗa wa likita tun da wuri, domin akan hana shiga jirgin sama na wasu makonni.

A nan Kumasi, sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin Komfo Anokye, wato Gee, shi ne wurin zuwa. Na Accra su nufi asibitin Korle Bu. Za a gwada ƙarfin jin mutum, a magance mugunyar tukuna, sannan a sa ranar aiki. A tafi da katin inshorar lafiya da takardar turawa daga asibitin unguwa.