Sinadarin da Aka Zuba a Bututun Ƙazanta, Ina Yake Ƙarewa?

Kullum tambayoyin nan ake maimaita mini, to ga amsoshinsu wuri guda.

Me ya sa ake zuba sinadari a bututun ƙazanta?

Saboda iskar haidrojin salfaid. Inda babu oksijin, bakteriyan da ke manne a jikin bututu suna mayar da salfet zuwa salfaid. Yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana kashe ma'aikaci a cikin rami, wasu bakteriyan kuma su mayar da shi asid mai cin kankare.

Ina ruwan matatar ruwan ƙazanta, wato wurin da ake tace shi, da abin da aka zuba can nesa?

Ina kuke tsammanin ruwan zai je? Can matatar zai ƙare, da sinadarin a cikinsa.

Kwaikwayon kwamfuta, wato lissafa abin da sinadarin zai yi a bututu da matata kafin a zuba shi, ba ɓata lokaci ba ne?

A'a. Ba wanda zai ba ku birni guda ku yi gwaji a kansa. Tsarin lissafi na bututu akwai WATS daga Jami'ar Aalborg ta Denmak da SeweX daga Jami'ar Queensland ta Ostareliya. Na matata akwai ASM1 na 1987, da ADM1 na 2002 mai kwaikwayon tankin ruɓar da laka, wato dattin da ke kwantawa bayan an tace ruwa. Wahalar tana wurin haɗa su. ASM1 bai san ƙarfe ba, bai san fosfet ko salfa ba, alhali su ne ke canzawa in an zuba sinadari. In ba ku faɗaɗa shi ba, zai ce babu abin da ya canza, ku kuma ku yarda.

To, wane sinadari zan zaɓa?

Ya danganta, kuma kada ku ce na kauce wa amsa. Gishirin ƙarfe, wato ferik ko feras kuloraid, yana kama salfaid ya zama baƙin gari. Da garin ya isa tankin matata da ake hura wa iska, sai ƙarfen ya saki salfaid ya kama fosfet, wanda da ma matata ke son cirewa daga ruwa, daga baya kuma ya rage haidrojin salfaid a gas ɗin tankin laka. Sayayya ɗaya, aiki uku. Amma yana ƙara laka, kuma ferik kuloraid yana cin alkalin ruwa, wato abin da ke kashe kaifin asid a cikinsa. In matatarku ba ta da doka mai tsauri kan fosfet, rabin ribar ta tafi.

Naitret ko oksijin suna hana salfaid taruwa, sai dai bakteriyan bututu suna amfani da su su cinye abinci mai saurin narkewa. Wannan abincin ne bakteriyan matata ke jira don cire naitrojin da fosfet. Inda yake da yawa, ƙila ba a ji a jiki ba. Inda da ma yake ƙaranci, kuna iya komawa sayen metanol don ciyar da su, sai a zama an gyara goma an ɓata biyar.

Magniziyam haidroksaid kuwa yana ɗaga pH, wato ma'aunin asid da alkali, zuwa wajen 8.5 ko 9, salfaid ya zauna cikin ruwa bai tashi ba. Alkalinsa na taimakon sarrafa amoniya, wadda kowane miligiram na naitrojinta ke cin kusan miligiram 7.14 na alkali. Amma magniziyam in ya haɗu da amoniya da fosfet yana iya daskarewa ya toshe bututun laka.

Ni na fi karkata ga ƙarfe inda akwai tankin ruɓar da laka, amma ba zan sa hannu ba sai na ga lissafin bututu da na matata tare.

Ba za a zuba da yawa kawai a huta ba?

Haba, Injiniya. Wa zai biya, wa kuma zai kwashe lakar?

Lambar kwamfuta ta saɓa da abin da na auna. Ta lalace ne?

Ku kwantar da hankalinku, haka kowa ke farawa. Sau nawa kuka ɗebi ruwan? Sau ɗaya da rana tsaka, ko ba haka ba? Da dare ruwa yana daɗewa kwance a bututun da inji ke tura ƙazanta ta ciki, salfaid ya taru, zafi kuma yana ƙara wa bakteriya himma. Ku auna gudun ruwa, zafi, pH da salfaid dare da rana, ku daidaita lissafin da su, sannan ku gwada shi da awon wasu ranaku da bai taɓa gani ba.