Waiwaye: Abin da sabon fasto ke gada a ikilisiyoyin karkarar Katsina

Idan majalisar gunduma ta ɗarikar ECWA ta turo sabon fasto wata ikilisiya a yankin Malumfashi ko Kafur ko Matazu, dattawa sukan miƙa masa makullin majami'a, da littafin sunayen 'yan ikilisiya, da na baftisma, da na baiko. Takardar fili ce kan yi wuyar fitowa, kuma dalilin yana cikin yadda waɗannan ikilisiyoyi suka faro.

Bayan Turawa sun ci Arewa a 1903, ba su sakar wa 'yan mishan mara su yi wa'azi a ƙasashen sarakuna ba. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda aka kafa a 1893, ta daɗe tana neman ƙofa. Sai a shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ta samu ta hanyar jinyar kuturta a Babbar Ruga, daf da birnin Katsina. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, don haka masu bisharar da suka shiga ƙauyukan Maguzawa daga baya ba su nemi tafinta ba. A 1954 ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ECWA.

Galibi a zaure ko gindin bishiya aka fara sujada. Da jama'a suka ƙaru, sai wani maigida ya yanki gefen gonarsa ya bayar a gaban mai unguwa, aka dasa bini-da-zugu a iyaka, aka tayar da ginin ƙasa. Magana ce ta baki, a lokacin kuwa ta wadatar. Yau mai kyautar da shaidunsa sun riga mu gidan gaskiya, shingen ya mutu, fili ya yi daraja, magada sun yi yawa. Sabon fasto kuma, da zafinsa, yakan so fara aiki da katanga ko faɗaɗa majami'a. Ranar da aka haƙa harsashi, ranar jikoki ke zuwa su ce an shigar musu gona.

Gyaran ba shi da tsada, sai dai yana cin lokaci. Kafin a sayi siminti, a tara dattawa da magada da mai unguwa a taka iyakar da ƙafa, a kafa turaku a kowace kusurwa, a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a filin karkara, don haka can za a kai. A rubuta da sunan ikilisiya, ba na fasto ko wani dattijo ba, a kuma ajiye kwafi a ofishin gunduma, tunda fasto na yau baƙon gobe ne.

Sai lissafin hatsi. A ƙauye, baikon godiyar kaka da damin dawa da tiyar masara yake zuwa. Littafi na iya nuna buhu goma, a buɗe ɗaki a tarar ƙwari sun ci wani, an kuma ranta wa mabukata wani da damina ba a rubuta ba. Ba lallai sata ba ce, amma wanda ya karɓa bai auna ba, shi zai amsa tambaya ranar taron ikilisiya. A auna da tiya, 40 a buhu, ma'aji da magatakarda na tsaye, mai barin gado da mai kamawa su sa hannu.

Asusun Zumuntar Mata kuwa nasu ne, su ke tarawa su ke kashewa. Faston da ya nemi haɗe shi da na ikilisiya a watansa na farko, zai ji a jikinsa ranar Lahadi, domin su ne masu kaɗa tulu da waƙa a majami'a.