Alloli da jinsuna a duniyar The Elder Scrolls

The Elder Scrolls jerin wasannin bidiyo ne na kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland a Amurka. Ya fara da Arena a 1994, sai Daggerfall a 1996, Morrowind a 2002, Oblivion a 2006, da Skyrim a 2011, kuma dukkansu suna gudana ne a ƙagaggiyar nahiya mai suna Tamriel. Wasan ba ya miƙa wa mai bugawa tarihi guda tabbatacce. Ana tsintar labarin ne cikin littattafan da aka bari a kan kanta ko a kangon gini, kowanne da bakin wani marubuci mai ɓangaren da yake karewa, kuma daga nan muhawarar masu bibiyarsa ta samo asali.

Asalin alloli

An kasa manyan ruhohi gida biyu. Aedra, wato “kakanninmu” a harshen jinsin Mer (masu dogayen kunnuwa da ake kira elves a Turance), su ne suka sadaukar da ƙarfinsu wajen ƙera duniya, Daedra kuwa, “ba kakanninmu ba”, suka ƙi sa hannu, suka tsira da ikonsu. Wanda ya kawo shawarar ƙerawar shi ne Lorkhan. Altmer, wani reshe na Mer, suna ganinsa mayaudarin da ya raba su da dawwama, yayin da Nord, mutanen lardin Skyrim, suke kiransa Shor, suna girmama shi a matsayin gwarzo. Riwaya ta ce an ciro zuciyarsa aka jefar, ta faɗa inda dutsen aman wuta na Red Mountain yake a tsibirin Vvardenfell.

Daular mutane tana bauta wa takwas, cikinsu har da Akatosh, Mara da Arkay. Na tara, Talos, shi ne sarki Tiber Septim da aka ce ya zama abin bauta bayan mutuwarsa. Yarjejeniyar da daular ta ƙulla a shekara ta 175 a Zamani na Huɗu na kalandar Tamriel ta haramta bautarsa, haramcin da ya rura yaƙin basasar Skyrim a shekara ta 201.

Ɓacewar Dwemer

A nan ne labarin ya fi armashi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Dwemer maƙera ne masu biranen ƙarƙashin ƙasa da injinan tururi, waɗanda suka fifita hankali a kan bauta. Sun gano zuciyar Lorkhan, babban masaninsu Kagrenac ya ƙera kayan aiki uku, Sunder, Keening da Wraithguard, domin jan ƙarfinta. Ana tsakiyar yaƙi da Chimer, wani reshe na Mer, wajen shekara ta 700 a Zamani na Farko, ko 668 a wata riwayar, sai al'ummar Dwemer ta ɓace baki ɗaya. Wanda ya shiga kufansu a wasan yakan tarar da injina suna ta huci, masu gadi na ƙarfe suna sintiri, babu mai gida ko ɗaya. Mutum guda ya rage, Yagrum Bagarn na Morrowind, shi ma ba ya nan lokacin da abin ya faru. Wasu na cewa sun halaka, wasu na cewa sun narke cikin ƙaton mutum-mutumin Numidium.

Mutuwar Nerevar, shugaban Chimer, ita ma ana jayayya a kanta: haikalin addinin al'ummarsa ya ce raunin yaƙi ne, makiyayan Ashlander suka ce mashawartansa Vivec, Almalexia da Sotha Sil ne suka kashe shi. Bayan ukun sun taɓa zuciyar, Azura, ɗaya daga cikin manyan Daedra, ta tsine wa al'ummar Chimer, fatarsu ta koma ruwan toka, idanu suka yi ja, suka zama Dunmer.

Jinsuna

Tun daga wasan Morrowind, jinsuna goma ake iya zaɓa: huɗu mutane, huɗu Mer, sai Khajiit masu siffar kyanwa da Argonian masu siffar ƙadangare.

A tsakanin Hausawa

 Wajen ba da wannan labari da Hausa, gardama tana iya farowa daga kalma, domin wani ba zai so furta “alloli” ba, zai fi son “ababen bauta” ko “gumaka”. Ana iya kwatanta Daedra da iskokin bori, tunda kowanne yana da halinsa da abin da yake nema kafin ya biya buƙata, sai dai kwatancen yana da iyaka saboda kowane babban Daedra yana da duniyarsa a Oblivion, wato mazaunin Daedra da wasan 2006 ya ɗauki sunansa.