Waiwaye: Yadda maganin laushin ƙafa ya koma gurgunta 'yan tsaki

Duk lokacin da aka zuba sabbin 'yan tsakin burola sai muhawarar ta dawo tsakanin masu kiwo. Tsako ya kai sati uku, ya yi ɓul-ɓul, sai a wayi gari ya gurfana a gindin mazubin ruwa ya kasa tashi. Wannan ya ce abinci ne, wancan ya ce iri ne, amma shawarar kusan ɗaya ce: a ƙara bitamin a ruwa.

Shawarar nan gado ce. A shekarun 1890 likita ɗan ƙasar Holland Christiaan Eijkman ya lura a tsibirin Java na Indonesiya cewa kajin da ake ba surfaffiyar shinkafa ƙafarsu na shanyewa, dusar kuma na warkar da su. A farkon shekarun 1920 aka gano a Jami'ar Wisconsin ta Amurka cewa man hantar kifi na hana laushin ƙafa ga tsakin da ba ya ganin rana. Duniya ta haddace cewa rashin bitamin ke gurgunta kaza.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1947, lokacin da aka iya harhaɗa bitamin A a masana'anta. A ganina nan lissafi ya juya. Abin da a da sai an tatso daga kifi ya koma gari mai araha, ya shiga buhun abinci, daga baya ya shiga 'yar ledar da ake kaɗawa a ruwa. Tun 1952 masu bincike Wolbach da Hegsted na Jami'ar Harvard suka nuna yawan bitamin A na ɓata ƙashin tsako mai tasowa. Rararsa ba ta fita da wuri, hanta ke tara ta. Tana dagula guringuntsin bakin ƙashi inda tsawo ke fitowa, tana kuma tare wa bitamin D, mai ƙarfafa ƙashi, hanya, sai ƙashi ya yi laushi tamkar na tsakon da bai samu komai ba. Mai kiwo ya ga haka ya ƙara cokali, garin neman ƙiba ya samo rama. Shi ma D ɗin in ya yi yawa zuƙe kalsiyam yake daga ƙashi ya jibge a ƙoda.

Ga kuma nauyi. Binciken Jami'ar Alberta ta Kanada ya nuna burolar 2005 ta ninka ta 1957 fiye da sau huɗu a kwana 56. A kan wannan ɗanyen ƙashi ake kaɗa garin da aka auna da murfin kwalba, alhali buhun abincin da ke jingine a lungu ya riga ya zo da nasa haɗin.