Zoɓo da kunun aya a gora: abin da doka ke nema daga mai ƙaramar sana'a

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu haɗa zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi da lemon citta a Gusau, Ƙauran Namoda da Talatar Mafara ke fama. Sukari ya yi tsada, ƙanƙara ta yi tsada saboda wuta ba ta zama, rashin tsaro kuma ya hana manoma da yawa noman gero da dawa. Yawancin masu sana'ar mata ne, a cikin gida suke yi, da ita suke cefane. Mai saye kuwa, a ƙara masa naira hamsin a gora sai ya wuce gaba. Dole kowace ta nemi inda za ta rage kashe kuɗi, kuma wuraren da ake ragewar su ne daidai inda doka ta sa ido.

A aikace, hukumomi biyu ne ke da hannu. Wadda ke zuba kunu a kofi daga kula a ƙofar gida ko bakin makaranta, harkarta da ƙaramar hukuma ce da ma'aikatan duba-gari, domin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi lura da wuraren sayar wa jama'a abinci. Amma da zarar kin rufe abin sha a gora, kin manna masa suna, kin kai shago ana ajiye shi a firji, kin shiga hurumin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Dokar rajistar abinci da magunguna ta wannan shekarar ta hana sarrafawa, tallatawa ko sayar da irin wannan kaya ba tare da rajista ba. Wanda kotu ta kama da laifi zai iya biyan tarar da ta kai naira 50,000, ko ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko duka. Abin da ya fi faruwa dai shi ne kwashe kaya, kuma ga mai ƙaramin jari, wannan kaɗai ya isa ya durƙusar da ita.

Rajistar tana farawa ne daga hukumar CAC, inda ake yi wa sunan sana'a rajista, sai rajistar tambarin kaya. Daga nan a cika takardun NAFDAC ta shafinta na intanet mai suna NAPAMS. Jami'ai za su zo su ga wurin da ake aiki: daga ina ruwan yake, an ware ɗakin haɗi daga madafar gida ko kuwa, masu aikin suna da takardar gwajin lafiya, an yi feshin ƙwari. Za su ɗauki samfuri su kai ɗakin gwaji. In komai ya yi daidai a ba ki lamba, wadda ke aiki shekara biyar kafin a sabunta. Lambar ta kaya ɗaya ce. Ta zoɓo ba ta rufe kunun aya, ballantana a aro ta wata a buga a jikin gora, wanda laifi ne mai zaman kansa.

Takardar jikin gora ita ma doka ce. Dole ta nuna sunan kayan, abubuwan da aka haɗa, yawan abin da ke ciki, suna da adireshin mai yi, ranar da aka yi da ranar lalacewa. Nan ne matsin ya fi bayyana. Mudun sukari ya gagara, sai a koma ga sakarin da makamantansa, ɗan kaɗan ya zaƙaƙa bokiti guda. Akwai irin waɗannan sinadarai da aka yarda da su a kan ƙa'ida, amma sai an rubuta a jikin gora, kuma a saye su da takardarsu. Wanda ake aunawa a ƙulla a farar leda, ba suna ba kwanan wata, shi nake roƙon kowa ta guje wa. A watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami. Haka batun gorunan da yara ke tsintowa a tasha da gidan biki, a ɗauraye da ruwa ɗaya a cika. Duba-gari na da hurumi a kai, NAFDAC kuwa ba za ta ba da lamba a kan irinsu ba.

Akwai kuma abin da ya shafi Zamfara musamman. Tun watan Janairun 2000 da dokar Shari'a ta fara aiki a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, yin giya da sayar da ita laifi ne, Musulmin da ya sha kuma haddinsa bulala 80. A mazhabar Malikiyya, duk abin da ke sa maye hukuncinsa na giya ne, ko da me aka yi shi. Kunun zaƙi da kunun aya in suka kwana a zafi suna tsami, gora ta kumbura, a buɗe ta yi huci tana kumfa. Wanda ya kai haka a zubar, kada a gauraya da sabo don gudun asara.

Gaskiya kuɗin rajista da gyaran wuri sun yi wa matar da jarinta bai wuce tukunya biyu ba nauyi, kuma ina ganin ya kamata gwamnatin jiha ta shigo ciki. A 2020, lokacin korona, NAFDAC ta yi wa ƙananan masu sana'a rangwamen kashi 80 cikin ɗari na ɗan lokaci, ke nan sassauci abu ne mai yiwuwa. Hukumar ta kuma yarda masu kaya iri ɗaya su yi tarayya a wurin aiki guda. Mata biyar ko shida da ke adashe tare za su iya kama ɗaki ɗaya, su haɗa kuɗin firji mai aiki da hasken rana, su riƙa sayen sukari a buhu. Kafin su kashe ko sisi, su fara zuwa ofishin NAFDAC na jiha a Gusau da kansu, su tambayi sharuɗɗan masu ƙaramin ƙarfi, kada su bi ta hannun ɗan kamasho.