Wa ke auna aikin malami, kuma ina sakamakon yake zuwa?

Hannu uku ne ke auna malamin makarantar gwamnati a Najeriya, kowane da mudunsa. Yawancin gardamar da ake yi a ɗakin malamai, wani ya ce an danne masa ƙarin girma, wani ya ce sufeto ya ci masa fuska, tana tasowa ne daga rashin bambance wa ke da hurumin me.

Na farko ita ce Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda dokar soja mai lamba 31 ta 1993 ta kafa. Tambayarta ɗaya ce: ka cancanci ka riƙe alli? Mafi ƙarancin shaidar da take karɓa ita ce NCE, takardar malanta ta kwalejin ilimi, kuma ta kasa malamai gida huɗu: rukunin A na masu digirin digirgir, B na masu digiri na biyu, C na masu digirin farko, D na masu NCE. Tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawar cancanta ta kwamfuta kafin a yi masa rajista. Rajistar sau ɗaya ake yi, amma lasisin koyarwa duk shekara uku ake sabunta shi, kuma ƙa'ida ta ce malami ya nuna ya halarci bita ko kwas a tsakanin. Koyarwa ba rajista laifi ne a dokar, ko da yake kowa ya san makarantu masu zaman kansu a lungunanmu cike suke da waɗanda ba su taɓa ganin takardar ba.

TRCN ba ta biyan albashi, ba ta ƙara girma. Wannan aikin hannu na biyu ne, wato wanda ya ɗauke ka aiki: hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da sashen ilimi na ƙaramar hukuma ga malamin firamare, ma'aikatar ilimi ko hukumar malaman sakandare ga na sakandare. Mudunsu shi ne fom ɗin nan na ƙarshen shekara da ake kira APER.

A nan ya kamata a ɗan tsaya. A da rahoton sirri ake rubutawa, shugaba ya rubuta abin da ya ga dama ya kulle a fayil, ma'aikaci ya yi shekaru bai san me ya tsaya masa a gaba ba. Bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974 aka koma rahoton fili. Malami ne ke fara cike nasa ɓangaren: azuzuwan da ya koyar, ayyukan da ya ɗauka, kwas ɗin da ya je, matsalolin da suka hana shi aiki. Sai hedimasta ko shugaban sashe ya ba da maki, ya nuna wa malamin abin da ya rubuta. Malamin yana da damar ya rubuta cewa bai yarda ba, ya faɗi dalili, kafin fom ɗin ya wuce wajen jami'i na sama ya sa hannu. Rahotannin shekarun baya ake dubawa idan lokacin ƙarin girma ya zo, kuma a ƙa'idar aikin gwamnati ana jiran shekara biyu ne daga matakin albashi na 6 zuwa ƙasa, uku daga na 7 zuwa na 14, huɗu daga na 15 zuwa sama.

Na taɓa zama a wani ofishin hedimasta ana wannan cike-ciken. Fom ashirin da wani abu a kan tebur, biro ɗaya, fanka ba wuta. Malamai na shigowa ɗaya bayan ɗaya suna sa hannu a gurbin da ke cewa sun ga rahoton, alhali shafin makin fari fat yake. Da aka gama, kowa ya sami maki mai kyau, har da wanda ɗalibai suka fi ganinsa a kan babur ɗin haya fiye da gaban allo. Gurbin da ke tambayar wane horo malamin yake buƙata kuwa, layi aka ja a kansa. A ganina wannan gurbin ya fi duk sauran amfani, domin ta nan ne kawai hukuma za ta san Malam wane yana fama da koyar da kasafi, Malama wance kuma ba ta iya koya wa 'yan aji ɗaya haɗa baƙi ba. Gwamnatin tarayya ta fara maye gurbin APER da sabon tsarin da ake yarjejeniya kan abin da ma'aikaci zai cimma tun farkon shekara, amma malamin firamare yana ƙarƙashin jiharsa ne, sai abin da jihar ta zaɓa.

Hannu na uku su ne waɗanda iyayenmu suka sani da sufetoci, yanzu ake ce musu jami'an tabbatar da inganci. Canjin sunan yana da manufa. Tsarin ya ce makaranta ta fara auna kanta, sannan na waje su zo su duba makarantar gaba ɗaya. Jami'i zai zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya duba tsarin darasin da malami ya rubuta, ya buɗe littattafan yara ya ga ko ana yi musu gyara, ya leƙa rajista. Bayan an tashi sai su keɓe, ya faɗa masa inda ya yi kyau da inda zai gyara. Ziyarar da aka ƙare ta da ƙirga waɗanda suka makara kawai, an bar rabin aikin.

Kuɗin horon ma akwai tanadinsa. Dokar UBE ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin bai-ɗaya, kuma kashi 10 cikin 100 na wannan asusu na horar da malamai ne. Matsalar tana wajen zaɓe: sau da yawa fuskokin da suka je bitar bara su ne za a gani bana, saboda alawus.

Kaduna ta nuna abin da ke faruwa idan aka yi awon a jarrabawa ɗaya. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta gwada malaman firamare kusan 33,000 da tambayoyin aji huɗu, ta sa makin ci a kashi 75 cikin 100, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki a Janairun 2018, tana cewa TRCN ce ke da ikon tantance cancantar malami. Gwamnati kuma ta tsaya a kan cewa ita ce uwar gijiyar ma'aikatanta. A 2022 ta sake korar 2,357, mafi yawansu saboda ƙin zama jarrabawar. Ba na jin wani uba zai so ɗansa a hannun wanda lissafin aji huɗu ya gagare shi. Amma waɗannan malaman sun yi shekaru ana cike musu APER, ana ba su maki mai kyau, ana ƙara musu girma. Wa ya sa hannu?

Idan kora ta taso, ƙa'idar aiki ta ce a ba ma'aikaci takardar tuhuma, a ba shi lokacin amsawa, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa (National Industrial Court) ce ke sauraron irin wannan ƙara. Abin da lauya zai fara nema shi ne fayil: kwafin fom ɗin da malami ya sa wa hannu, lasisinsa na TRCN, da takardun shaidar bitar da ya halarta.